Juya, Wabi da Faƙo: Nazarin Kalmomin Rashin Haihuwa a Hausar Batsari da Safana

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kalmomin da Hausawan ƙasashen Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, suke amfani da su wajen ambaton rashin haihuwa ga ɗan'adam da dabba da tsiro da ƙasar noma. An karkasa kalmomin bisa matakin da rashin ya auku, sannan aka auna su da jinsin wanda ake jingina masa su. An kuma waiwayi harsunan Prakrit da Hindi da Nepali domin kwatance. Nazarin ya nuna abubuwa uku. Na farko, Hausa ta bambanta rashin ɗaukar ciki da zubewarsa da mutuwar abin da aka haifa. Na biyu, kalmomin da suka shafi ɗan'adam sun karkata ga mace, alhali a fagen tsirrai namiji ake kira marar 'ya'ya. Na uku, kalmomin ƙasa suna ɗauke da fatan farfaɗowa wanda kalmomin mace ba su da shi.

Fitilun kalmomi: juya, bakarariya, wabi, kwantaccen ciki, faƙo, Katsinanci.

1.0 Gabatarwa

A cikin addu'o'in da ake yi wa amarya akwai "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki". Ma'anarta ita ce a samu jariri da zai ɓata shimfiɗa. Al'ummar da ke roƙon ƙazanta a ɗakin amarya ta riga ta bayyana matsayin haihuwa a wurinta. Alƙaluma ma sun tafi a kan haka. Binciken ƙidaya da lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa matsakaicin adadin haihuwar mace a Jihar Katsina ya kai 7.3, wanda shi ne mafi yawa a ƙasar, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. A irin wannan muhalli, macen da ba ta haihu ba takan fita daban, kuma sunan da aka kira ta da shi yakan yi tasiri ga zaman aurenta da irin maganin da za a nema mata.

Manyan ƙamusoshin Hausa, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun taskace yawancin kalmomin wannan fage. Sai dai tsarin ƙamus yana warwatsa su bisa jerin haruffa. Manufar wannan maƙala ita ce tattaro su wuri guda, a ga yadda kowace take iyakance ma'anar 'yar'uwarta, da kuma tunanin da ke ƙarƙashin rabon.

2.0 Farfajiyar Nazari

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne masu maƙwabtaka da juna, kuma dukkansu sun yi iyaka da Jihar Zamfara ta yamma. Sarkin Ruma shi ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuma shi ne hakimin Safana. Dajin Rugu ya ratsa ƙasashen biyu, kuma garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka sun daɗe suna haɗa manoma Hausawa da Fulani makiyaya. Wannan cuɗanya ce ta sa yankin ya dace da nazarin, domin mutum guda yakan san kalmar da ake faɗa wa saniya, da wadda ake faɗa wa gona, da wadda ake faɗa wa matar aure, kuma yana sane da inda kowace ta tsaya.

Hausar yankin tana cikin kare-karen yamma. Ana jin /hw/ a gurbin /f/ kafin wasalin /a/, don haka faƙo yakan fito hwaƙo. Haka nan dirka takan zo da na da ta a maimakon ne da ce. Jimlar da a daidaitacciyar Hausa za a ce "saniyar nan juya ce" takan fito "saniyag ga juya ta". A nan an rubuta kalmomin bisa daidaitacciyar ƙa'ida.

3.0 Matakan Rashi ga Mace

3.1 Juya da Bakarariya

Juya ita ce macen da ba ta ɗaukar ciki, mutum ce ko dabba. A bakin makiyayi da dillalin kara kalmar ba ta da zafi, bayanin kaya ce kawai. Tana cikin jerin sunayen matakan saniya, tare da karsana wadda ba ta kai ga haihuwa ba, da guzuma wadda ta tsufa. Juyar saniya takan yi ƙiba saboda ba ta ɗawainiyar ciki da shayarwa, shi ya sa makomarta hannun mahauta. Fulfulde ma tana da kalma ta musamman ga irin wannan saniya, wato rimare. Matsalar tana farawa ne idan kalmar ta ƙetara daga garke zuwa cikin gida. Kiran mace juya gori ne, kuma yawanci a faɗan kishiyoyi ko habaicin dangin miji ake jin sa. Zafinsa yana zuwa ne daga wancan awo na garke, inda darajar ta mace take rataye da abin da ta haifa. Kunnen Bahaushe kuma yana jin kusancin kalmar da aikatau juya, abin da ke ƙarfafa bayanin gargajiya cewa mahaifar ce ta juye ko ta karkace.

Bakarariya ta fi juya nauyi da ladabi, kuma an fi cin karo da ita a wa'azi da tafsiri. Da ita Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fassara siffar matar Annabi Zakariyya a Suratu Maryam, da ta matar Annabi Ibrahim a Suratuz Zariyat. Abin lura a nan shi ne ƙirar kalmar. Ta zo da ɗafa-goshin ba- da ɗafa-ƙeyar -iya, daidai da ƙirar Bakatsiniya da Bahaushiya. Wannan ƙira ce Hausa take amfani da ita wajen nuna asali ko sana'a ko wata siffa da ta zauna wa mutum, kamar baduku da bahago. Ke nan, ko da yake kalmar ba zagi ba ce, siffarta tana sanya mace cikin wani rukuni na dindindin, kamar wadda aka haifa a cikinsa.

3.2 Ɓari da Wabi

Wadda take ɗaukar ciki yana zubewa ba a kiran ta juya. Ana cewa tana ɓari, daga aikatau ɓarar, wato zubar da abin da ke cikin mazubi. Wadda kuma take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana, ita ce mai wabi. Kalmar wabi ta haɗa mutum da itace, domin bishiyar da ke zubar da 'ya'yanta tun ba su nuna ba ita ma an ce tana wabi.

Wabi ya haifar da rukunin sunaye na kansa. Ɗan da aka samu bayan mace-mace akan laƙaba masa Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da shi ba, da fatan abin da ke ɗauke 'ya'yan zai kau da kai. A wani gefen kuma akwai Tunau da Tune da Kyauta, waɗanda ake bai wa abin da aka haifa bayan dogon jira. Waɗannan sunaye tarihin ɗakin uwa ne da ɗa yake yawo da shi har tsufansa.

Wannan rabo yana da kusanci da na likitanci, amma bai yi daidai da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana rashin haihuwa da kasa samun ciki bayan wata 12 ko fiye na saduwa ba tare da kariya ba, ta kuma raba shi biyu: na wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, da na wadda ta taɓa ɗauka sannan abin ya tsaya. Kashi na biyu ba shi da suna guda a Hausa. Sai dai a ce "haihuwa ta tsaya mata" ko "ta yi ɗaya ta tsaya". A ɗaya hannun, wabi ba ya cikin rashin haihuwa a likitance, domin batu ne na mutuwar yara. Ma'aunin Bahaushe shi ne ɗan da ya rayu ya yi wayo, ma'aunin likita kuwa shi ne shigar ciki.

3.3 Kwantaccen Ciki

Tsakanin juya da mai ciki akwai wani matsayi na uku. Akan ce ciki ya kwanta, wato ya shiga amma ya daina girma, yana jiran ranar da za a tashe shi. Sunan Shekarau, wanda ake bai wa yaron da aka ce ya shekara a ciki, yana da alaƙa da wannan fahimta. Tunanin yana da gindi a fiƙihun Malikiyya, inda mashahuran maganganu suka kai iyakar zaman ciki shekara huɗu ko biyar. Ya taɓa fitowa fili a shari'ar Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukunci a 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke hukuncin ranar 25 ga Satumba 2003. Yiwuwar kwanciyar ciki tana cikin hujjojin da aka gabatar.

Ilimin likitanci bai yarda ɗan tayi yana yin barci na shekaru ba. Abin da ake gani yakan zama ɗaukewar al'ada, ko cikin da ya lalace bai fita ba, ko ƙari a mahaifa. Amma ta fuskar harshe, aikin da kalmar take yi a bayyane yake. Aikatau kwanta yana ɗauke da alkawarin tashi. Macen da aka ce cikinta ya kwanta ta tsira daga sunan juya, ta koma cikin masu jira.

3.4 Sakaya Zance

A zance na mutunci ba a furta juya ko bakarariya a gaban mai abin. Akan ce "Allah bai kawo ba tukuna", ko "rabo bai tsaga ba", ko "ba ta samu ba har yanzu". Kalmomin tukuna da har yanzu su ne ƙashin bayan waɗannan jimloli, domin suna mayar da siffa ta koma lokaci. Haka kuma jimlolin suna ɗauke alhakin daga jikin mace su mayar da shi ga ƙaddara. Al'adar riƙo ma tana cike giɓin da harshe ya buɗe, bisa karin maganar "ɗa na kowa ne". Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'ya ta aurar, ta kuma zama uwa a idon jama'arta.

4.0 Ina Sunan Namiji?

Juya ba ta da takwara na namiji. Bakarare yana nan, Gumi ya yi amfani da shi a Suratush Shura aya ta 50, inda lafazin Larabcin ya game maza da mata. Sai dai da wuya a ji shi a hirar yau da kullum. Kalmomin da Hausa ta tanada wa namiji sun tafi wani wajen ne daban. Baba, jam'i babanni, shi ne wanda aka dandaƙe ko wanda ba ya iya kusantar iyali. Ga dabbobi akwai fiɗiya da dandaƙa, akwai taure a gefen bunsuru. A bakin masu tallar magani kuma akwai rashin ƙarfi da sanyi da mutuwar gaba. Dukkansu suna magana ne a kan iya saduwa, babu wadda ta taɓa ingancin iri.

Fiƙihu yana taimakawa wajen fahimtar wannan karkata. A Malikiyya, mijin da ya kasa kusantar matarsa akan ba shi wa'adin shekara guda, idan bai warke ba matar tana da zaɓin rabuwa. Rashin haihuwa shi kaɗai kuwa ba ya cikin aibobin da ke ba da wannan zaɓi. Abin da yake da hukunci a gaban alƙali ya samu suna. Abin da ba a iya gani da ido kafin zuwan gwajin asibiti ya zauna babu suna. Sakamakon haka shi ne, a tunanin gama-gari, duk namijin da yake iya saduwa mai haihuwa ne. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa ɓangaren namiji yana da hannu a kusan rabin matsalolin ma'aurata da suka kasa samun ciki.

A fagen tsirrai lamarin ya kifa. Gwandar da take fure ba ta 'ya'ya ana kiran ta namijin gwanda, haka ma namijin dabino da namijin giginya. A nan "namiji" yana nufin wanda ba ya ɗaukar 'ya'ya a jikinsa, kuma ba a ɗaukar hakan aibi, halitta ce. Wannan ya fito da asalin tunanin: haihuwa aikin wanda ke ɗauke da 'ya'ya ne, don haka rashinta ma nasa ne. Tunanin ya dace da abin da ido ke gani, amma ya bar rabin gaskiya a waje.

5.0 Ƙasa, Ƙwai da Hadari

Ga ƙasar noma, Hausa tana da jerin kalmomi masu zaman kansu. Faƙo shi ne wurin da ya daskare ya yi tauri, ruwa yana gudu a kansa bai shiga ba. Tsandauri da ƙeƙuwa suna kusa da shi a ma'ana. Saura kuwa gona ce da aka bari ta huta. Manomi yakan ce gona ta gaji, musamman idan ƙuduji ya mamaye ta. Gyaɗar da ta yi kwanso babu ƙwaya holoƙo ce, kuma hadarin da ya taso da iska bai zubar da ruwa ba shi ma holoƙo ne. Ƙwan da kaza ta kwanta a kai bai ƙyanƙyashe ba shi ne baragurbi, kalmar da ta yaɗu har ta koma sunan lalataccen mutum a cikin jama'a.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na ɗaya, ba a cewa gona juya ce, ba a kuma kiran mace faƙo a zance na yau da kullum. Hausa ta haɗa mace da dabba a juya, ta haɗa ta da itace a wabi, amma ta ware ƙasa. Ko a fassarar Gumi, iskar da aka aika wa Adawa, wadda Larabci ya siffanta da lafazin da yake bai wa marar haihuwa, ta fito ne da siffar ƙeƙashewa. Na biyu, kalmomin ƙasa suna da hanyar komowa. Gajiya tana da hutu, saura tana jiran sassabe, faƙo kuma ana raya shi da taki da zaman shanu bayan kaka, ko da ramukan tassa kamar yadda manoman jihar Tawa a Nijar suka shahara da yi. Manomin da ba ya yanke ƙauna daga faƙo yana da kalmar da ke yanke ƙauna daga mace.

6.0 Waiwaye ga Prakrit da Hindi da Nepali

Harsunan arewacin Indiya da Nepal sun bi wata hanya daban. A Sanskrit, macen da ba ta haihuwa ita ce vandhyā. A matakin Pali da Prakrit, haɗuwar baƙaƙen /dhy/ ta ganɗance ta koma /jh/, aka samu vañjhā. Daga nan /v/ ta farko ta koma /b/, baƙin hanci ya narke cikin wasali ya tsawaita shi, aka samu bā̃jh a Hindi da bā̃jho a Nepali. Ralph Turner ya bi sawun irin waɗannan sauye-sauye a ƙamusunsa na Nepali na 1931 da na kwatancen harsunan wannan dangi na 1966. Malaman falsafar Sanskrit har sun mayar da "ɗan bakarariya", wato vandhyāputra, misalin abin da ba zai taɓa yiwuwa ba.

Inda kwatancen ya yi amfani shi ne faɗin ma'ana. A Nepali, bā̃jho ita ce siffar gonar da aka bari ba a noma ba, bā̃jhī kuma macen da ba ta haihuwa. Tushe guda ya ɗauki abin da Hausa ta raba tsakanin juya da saura. Hindi tana da wasu kalmomin ga ƙasa, kamar banjar da ūsar. Duk da wannan bambanci, harsunan sun haɗu da Hausa a wuri ɗaya: siffar mace ce ta fi yawo a baki. Wannan yana nuna cewa karkatar ba ta nahawun wani harshe ba ce, ta taso ne daga zamantakewar al'ummun manoma masu lissafin zuriya ta wajen uba.

7.0 Daga Kalma zuwa Magani

Sunan da aka bai wa ciwo shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Idan an ce mahaifa ta juye, sai a nemi ungozoma. Idan an ce namijin dare ne, sai a nufi mai ruƙiyya ko ɗan bori. Idan an ce sanyi ne, sai mai saiwa. Idan kuma an ce gishiri ne, sai wanzami ya yi yanka a gaban mace, kuma rashin haihuwa yana cikin dalilan da ake yin yankan gishiri dominsu. Wannan yanka yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, ko da yake doguwar naƙuda ce babban sababi. Asibitin Babbar Ruga, wanda ke kan hanyar Katsina zuwa Batsari, ya shahara da aikin gyaran wannan lalura tun shekarun 1980. A duk waɗannan ƙofofi, mace ce ake kaiwa. Miji yakan gwada kansa ne ta hanyar ƙarin aure.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na baligai yana fuskantar wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Saboda haka masu fassarar saƙonnin lafiya a rediyo da asibitoci suna buƙatar zaɓen kalma da hankali. Jinkirin haihuwa ya fi dacewa da ma'anar likitanci fiye da juya ko bakarariya, domin ba ya nuna jinsi, yana iya hawa kan ma'aurata biyu, kuma ya yi daidai da ladabin tukuna da masu harshen suka riga suka saba da shi. Ga kashi na biyu ana iya cewa tsayawar haihuwa. Ga namiji kuma, raunin iri ya raba batun da rashin ƙarfi, kuma manomi ya san cewa gona mai kyau ba ta fitar da iri marar kyau.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Hausar wannan yanki ta tsara rashin haihuwa bisa matakai, ta ba kowane mataki suna, ta kuma samar da mafaka a kwantaccen ciki da sakaya zance da riƙo. An kuma ga giɓi a wajen namiji, da bambancin fata tsakanin kalmomin ƙasa da na mace. Akwai dalilin gaggauta taskace wannan fage. Satar shanu da hare-haren da suka addabi ƙauyukan bakin Dajin Rugu fiye da shekara goma sun raba iyalai da yawa da garkunansu da gonakinsu, sun tura su cikin garuruwan Batsari da Dutsin-ma da Katsina. Yaron da ya tashi babu garke zai gaji juya a matsayin zagi kawai, ba tare da sanin karsana da guzuma da suke ba ta ma'ana ba. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin makiyaya da ungozomomi da tsofaffin manoma, tare da karin sautinsu da jam'insu da muhallin amfaninsu, aiki ne da ke jiran sassan nazarin Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsin-ma.